Na Ɗanɗana Ne Kawai, Ban Haɗiye Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda bai haramta mana wani abu ba face don jin ƙanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ba zan tsaya ina gaya maka giya haramun ce ba. Yaron da ke riƙe da allo ma ya san wannan. Kai da ka taso a gidan salla, in aka miƙo maka ƙwaryar burukutu a bayan kasuwa, ko kallonta ba za ka yi ba. Warinta kaɗai ya ishe ka wa'azi. To, amma giya tana da wata ƙofar da ba ta wari, kuma masu shiga ta nan ba sa tangaɗi. Ita ce za mu yi magana a kanta, domin a yau samarinmu suna fita karatu Faransa da Ingila da Amurka, wasu suna koyon aikin otal, wasu suna aiki da kamfanoni da ofisoshin jakadanci. Wata rana za a miƙa wa ɗayansu takardar gayyata zuwa taron ɗanɗana giyar inabi, a ce masa: "Ai nan ba a sha, ɗanɗanawa a ke yi a tofar." Me zai ce?

YADDA TARON YA KE

Ya kamata ka san abin tukuna kafin ka ji hukuncinsa. Mu ɗauki misali da Bordo, wani birni a kudu maso yammacin Faransa, wanda sunansa ya yi nisa wajen jar giya. A nan a kan noma inabi iri-iri, mafi shahara su ne Merlot da Cabernet Sauvignon. In an girbe sai a matse, a bar ruwan tare da ɓawon, yisti ya cinye zaƙin ya mai da shi barasa. Daga ɓawon nan ne jan launin ke fitowa, da wani bauri mai kama baki kamar na goro. Abin da ke sa maye a cikinta ya kan kai kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, watau ninki biyu ko uku na giyar kwalba da a ke sayarwa a mashaya.

Mutanen nan sun ɗauki abin da girma ƙwarai. Tun shekarar 1855, a zamanin Napoleon na Uku, aka jera manyan gonakin Bordo daraja biyar sabo da wani baje koli da aka yi a birnin Faris, kuma har yau da wannan jeri a ke yanka farashi. Kowace shekara, wajen watan Afrilu, dillalai da marubuta su kan taru a Bordo daga ƙasashe daban-daban don su ɗanɗana giyar girbin bara tun tana cikin ganga, ba a ko zuba ta a kwalba ba.

In ka shiga, za ka tarar da zaure mai tsabta, tebura da farin mayafi, kofunan gilashi masu dogon wuya a jere. Ba kiɗa, ba hayaniya. Za a zuba maka 'yar kaɗan a gindin kofi. Ka ɗaga ka dubi launinta a haske, ka jujjuya kofin, ka sa hanci ka shinshina, ka kurɓa, ka kurkure baki da ita, sa'an nan ka furzar a wani kasko da aka ajiye don haka. Ga ruwa da burodi a gefe don a wanke harshe. Sai ka ɗauki alƙalami ka rubuta: wannan tana ƙamshin fata, waccan tana ƙamshin taba ko itace ko jiƙaƙƙiyar ƙasa. A yini ɗaya mutum ya kan bi ta kan kofuna masu yawa haka, ya fita da ƙafarsa a miƙe.

Ka ga ke nan, duk abin da aka saba tsoratar da kai da shi game da giya babu shi a wurin. Ba mai amai, ba mai zagi, ba wanda ya kwanta a kwata. Dattawa ne cikin kwat, suna magana a hankali kamar masu nazarin littafi. Wannan shi ne haɗarin wurin, domin zuciya ta fi saurin sakin jiki a inda ido bai ga ƙazanta ba.

ABIN DA ALLAH YA UMURTA

Ka sani, ba a rana ɗaya aka haramta giya ba. Larabawa sun taso a cikinta, suna yi mata waƙa, suna alfahari da ita. Sai Allah Ya bi da su sannu a hankali. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Ya nuna cewa akwai zunubi babba a cikinta da kuma wasu amfanoni, amma zunubin ya rinjaya. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, Ya hana kusantar salla cikin maye. Sa'an nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya rufe maganar: Ya haɗa ta da caca da gumaka, Ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umurni da a nisance ta.

To, ka tsaya a kan wannan kalma ta nisanta. Da Allah Ya so, da sai Ya hana buguwa kawai, ko Ya hana haɗiya. Abin da Ya yi umurni da shi shi ne ka kasance a wani gefe, ita tana wani gefe. In mahaifinka ya ce maka ka nisanci rijiyar can, ka je ka zauna a bakinta ka zura ƙafafu, za ka ce masa ka bi umurni tun da ba ka faɗa ba?

Dubi yadda sahabbai suka fahimci maganar. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana cikin shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha sai mai shela ya sanar da haramcin. Nan take aka ce masa ya fita ya zubar, har ta gudana a titunan Madina. Mutanen da suka girma da ita ke nan. Ba su nemi wata hila da za ta bar su kusa da tulun ba.

SHUBUHA TA FARKO: "BAN HAƊIYE BA"

Mai wannan magana ya kan kawo hujja da mai azumi. Ya ce: ai mace tana ɗanɗana miya da azumi ta tofar, azuminta bai karye ba, to haka ni ma. Wannan ƙiyasi gurgu ne. Miya halal ce a kanta, lokaci ne kawai ya shiga tsakaninka da ita, in rana ta faɗi za ka sha. Kuma duk da haka malamanmu na Malikiyya sun karhanta wannan ɗanɗanon, don tsoron kada wani abu ya wuce. Ita kuwa giya ba ta da faɗuwar rana. Mafi yawan malamai ma suna ganin najasa ce. Wa ya taɓa kurkure baki da najasa ya ce ai ya tofar?

Sa'an nan ita tofarwar, har yaushe ta ke cika? Abin da ya jiƙa harshe da dasashi ya gauraya da miyau, ba ya komawa kasko duka. Su masu sana'ar sun san haka, shi ya sa su ke cin burodi suna shan ruwa a tsakani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya toshe wannan, a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda ya bayyana cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne.

Amma bari mu ce ka tofar sarai, ko ɗigo bai wuce ba. Tambaya ta nan ita ce, me ka shiga yi? Ka shiga ne don ka koya wa harshenka jin daɗin abin da Allah Ya la'anta. A karon farko jar giya ba ta da daɗi, bauri ne da tsami. Aikin taron shi ne ya hore maka ita, ya koya maka inda daɗin ya ɓuya, har ka iya bambanta wannan da waccan. Ƙyamar da ka taso da ita katanga ce Allah Ya gina maka kyauta tun kana ƙarami. Kai kuma ka ɗauki gatari da hannunka kana sara, kana cewa ba ka tsallaka ba. Ranar da ka zauna kai kaɗai a ɗaki a ƙasar da ba wanda ya san ka, sanyi ya dame ka, kewar gida ta taso, me ya rage tsakaninka da kwalbar? Ɗan hakin da ka rena shi ke tsone maka ido.

SHUBUHA TA BIYU: "ZAMA KAWAI NA YI, ILMI NA JE NEMA"

Wani zai ce shi ko kofin bai taɓa ba, ya je ne ya ga al'adar mutane. To, ka ji. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da a ke kewaya giya a kansa. Kuma an ruwaito cewa an taɓa kawo wa Umar ɗan Abdul Aziz wasu da aka kama a zaman shan giya, aka ce masa ɗayansu azumi ya ke yi, sai ya ce da shi za a fara.

Don me aka tsananta haka a kan zama? Domin zama shaida ne. Ka duba hadisin Anas a Tirmizi da Ibn Majah, inda aka la'anci mutum goma a kan giya: mai matsa ta da wanda aka matsa wa, mai sha da mai shayarwa, mai ɗauka da wanda aka kai wa, mai sayarwa da mai cin kuɗin, mai saye da wanda aka saya wa. Ka ƙirga. A cikin goman nan mutum ɗaya ne kaɗai giyar ta shiga cikinsa. Sauran taran ko ɗigo ba lalle su sha ba. Ashe Shari'a ba maƙogwaro kaɗai ta duba ba, ta dubi dukan hannayen da suka kai kofin bakin mashayi.

To, shi taron ɗanɗanawa ina matsayinsa a wannan sarƙa? Shi ne zuciyar kasuwar. Maki da marubuta ke bayarwa a Bordo shi ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Wani Ba'amurke mai suna Robert Parker, wanda ya fara fitar da mujallarsa a 1978, ya yi suna da ba giya maki bisa ɗari, har ta kai yabonsa kan sa kuɗin kwalba ya tashi. A ranar 24 ga Mayu 1976 an yi wani zama a Faris, alƙalai Faransawa suka ɗanɗana giya ba tare da ganin sunayen kwalaben ba, sai jar giyar Kalifoniya ta zo ta ɗaya a gaban manyan Bordo. Zaman yini ɗaya ne, amma shi ya buɗe wa giyar Amurka kasuwar duniya. Mutanen da suka tofar a wannan rana sun sa miliyoyi sun haɗiye. Ka gane ke nan cewa mai tofarwa dillali ne, ko da bai karɓi la'ada ba.

Kuma suna bukatar sababbin bakuna. Faransawa kansu sun rage sha ƙwarai. A wajen 1960 abin da ke faɗa wa kowane mutum a shekara ya haura lita 100, yau bai kai rabin haka ba. A 2023 gwamnatinsu ta ware Yuro miliyan 200 don a lalata giyar da ta yi kwantai, a Bordo kuwa har biyan manoma aka yi su tumɓuke inabi. Ɗan kasuwar da gida ya ƙi kayansa dole ya leƙa waje. In kai Musulmi, mai suna Muhammadu ko Abubakar, ka tsaya a cikinsu aka ɗauki hoto, ka ba su abin da kuɗi ba ya saye. Ƙanenka da ke bayanka zai gani, ya ce ai Yaya ma ya je.

Batun ilmi kuwa, mu yi adalci, akwai gwaninta a wajensu ta noma da sanin ƙasa da yanayi, kuma ba wanda ya hana ka koyon noman inabi don ci ko don zabibi. Amma shi ilmin harshen da a ke ta kambamawa, su da kansu sun gwada shi. A 2001 masu bincike a Jami'ar Bordo sun ba ɗalibai 54 masu koyon wannan fanni farar giya da aka rina da jan launi marar ƙamshi. Ɗaliban suka shinshina, suka siffanta ta da kalmomin jar giya. Ido ya yaudari hanci. A kan wannan ne za ka sayar da tsarkin bakin da ka ke karanta Alƙur'ani da shi?

SHUBUHA TA UKU: "JAR GIYA MAGANIN ZUCIYA CE"

Wannan magana tana da asali. A 1991 wani shirin talabijin a Amurka ya yaɗa ra'ayin cewa Faransawa suna cin maiƙo amma ciwon zuciya bai cika kama su ba, wai albarkacin jar giya ne. Ciniki ya hau nan da nan. Daga baya masu bincike suka gano kuskure a yawancin lissafin, domin a cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin marasa sha akwai tsofaffin mashaya da rashin lafiya ta sa suka daina. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke jawo wannan ciwo, sahu ɗaya da taba. A watan Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutarwa. Rahotonta na 2024 ya nuna mutum miliyan 2.6 ne suka mutu sanadin barasa a shekarar 2019 kaɗai.

Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid ya gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa don magani ya ke yin ta, sai ya sanar da shi cewa cuta ce. Amma ka kiyaye, ɗan'uwa. Kada ka rataya imaninka a bakin likita. Likitoci sun yaba a 1991, sun kushe a 2023, hukuncin Allah kuwa yana nan inda ya ke. Shi ma Alƙur'ani bai musa cewa akwai ɗan amfani ba. Mun bar ta ne don Wanda Ya halicce mu Ya ce mu bari.

SHUBUHA TA HUƊU: "ZAN JI KUNYA, KO IN RASA AIKI"

Wannan ita ce ta gaskiya, sauran duk mayafi ne. Ba ka son a ce maka baƙauye. Maigidanka a wurin aiki ne ya gayyace ka, ko malamin da zai sa hannu a takardarka. Ba za mu rena wannan ba, abu ne mai nauyi ga yaron da iyayensa suka sayar da gona ya fita karatu.

Amma ka dubi zauren da kyau. A ƙasashen nan akwai masu ƙin giya da yawa: mace mai ciki, wanda zai tuƙa mota, wanda likita ya hana, wanda ya taɓa zama mashayi ya tuba. Kowannensu ya kan ce a'a, a ba shi uzuri. Mai ciwon hanta bai ji kunyar faɗin dalilinsa ba, sai kai ne za ka ji kunyar faɗin sunan Ubangijinka? Sau da yawa ma tsoron a zuciyarka kaɗai ya ke. Mutumin da ya ga kana da abin da ba ka sayarwa ya fi amince maka da dukiyarsa.

In kuwa asarar ta zo da gaske, to ka tuna da marayun nan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Abu Ɗalha ya yi tambaya game da wasu marayu da suka gaji giya, aka ce ya zubar. Ya nemi ya mai da ita khal don kada dukiyarsu ta salwanta, aka hana shi. Dukiyar maraya ke nan, wadda Shari'a ta fi tsananta tsaronta. Lalurar da malamai suka ambata ita ce irin ta wanda loma ta shaƙe shi, zai mutu, babu wani abin sha kusa. Ƙarin girma a ofis bai shiga wannan babi ba.

ABIN DA ZA KA YI

Na ɗaya, ka yanke hukuncinka tun kana gida. Wanda ya bari sai kofi ya zo hannunsa sa'an nan zai yi tunani, ya makara. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, ka faɗa da wuri, cikin sakin fuska. Ka ce: "Na gode da gayyata, ni Musulmi ne, ba na sha, ba na ɗanɗanawa, ba na zama wurinta." Kada ka yi ƙaryar ciwon ciki, domin gobe za a sake gayyatarka.

Na uku, kada ka zagi kowa. Mutanen nan a haka suka taso, kakanninsu a gonar inabi suka rayu. A Faransa sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abincin makaranta. Ka gode wa Allah da Ya tashe ka a inda Ya tashe ka. Ka fi kowa zuwa aiki a kan lokaci, ka fi kowa riƙon amana, ka gayyace su shayi ko tuwo a ɗakinka. Wannan ya fi musu tasiri a kan doguwar gardama.

Na huɗu, in karatunka ko aikinka ya ginu ne a kan zuba giya da zaɓa wa mutane ita, ka nemi a canja maka sashe. In ya ƙi, ka fara neman wata ƙofa tun yau, kana roƙon Allah mafita.

Na biyar, in ka riga ka taɓa shiga irin wannan wuri, kada Shaiɗan ya ce maka ai ka riga ka ɓaci. Ka tuba, ka yi wanka da alwala, ka fuskanci alƙibla. Kuma ka nemi abokan kirki a masallacin garin da ka ke, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Makiyayin da ke son zaman lafiya da manomi ba ya kai shanunsa bakin gona ya ce zai tsare su da sanda. Tun daga nesa ya ke karkata su. Haka za ka yi da zuciyarka.

Allah Ya tsare samarinmu a gida da waje, Ya tsarkake bakunanmu da cikunanmu daga haram, Ya shayar da mu daga tafkin Annabinsa. Wanda aka jarrabe shi da ita, Allah Ya yaye masa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.